Hukuncin da Aka Yanke wa Elsa Beskow Ba a Duba Shaida Ba

A ƙasar Suwidin da wuya a sami gidan da aka yi renon yaro a cikinsa cikin shekaru ɗari da suka wuce ba tare da littafin Elsa Beskow ya ratsa ta cikinsa ba. An haife ta a birnin Stockholm ranar 11 ga Fabrairu, 1874, ta rasu ranar 30 ga Yuni, 1953, ta bar littattafan yara wajen arba'in waɗanda ita ce ta rubuta labarinsu, ita ce kuma ta zana hotunansu. Har yau ana sake buga su, kuma tun 1958 ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar take ba da lambar yabo da sunanta ga gwanin zanen littafin yara. Duk da wannan daraja, akwai wani hukunci da ya manne mata tun shekarun 1960 da 1970, lokacin da masu sharhi na sabon zamani suka tashi tankaɗe da rairayar adabin yara. Suka ce duniyarta duniyar masu hali ce, mai zaƙi fiye da kima, inda uwa take tsugune a gindin murhu, uba yake ba da umarni, yara kuma suke ladabi kamar 'yan tsana. Wannan hukunci ya bazu har ya zama abin da mai ilimi yake faɗa don a san ya waye, ko da bai taɓa buɗe littafinta ɗaya ba.

Hukuncin gurgu ne. Akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa, za a kuma zo kanta, amma mafi yawansa ya ginu ne a kan kallon bangon littafi da launin furanni. Abin da ke ƙarƙashinsa tsohuwar raini ce wadda ba ta tsaya a Suwidin ba, wato ɗaukar cewa aikin da aka yi domin yara ƙaramin aiki ne, musamman idan mace ce ta yi shi, don haka ba ya bukatar irin karatun natsuwa da ake yi wa littafin manya.

Gidan da ta fito

Masu cewa Beskow ta zana jin daɗi ne domin jin daɗi kawai ta sani, tarihinta ya ƙaryata su. Sunanta na yanka Elsa Maartman. Mahaifinta, Bernt Maartman, ɗan kasuwa ne mai asali da Norwe, kuma kasuwancinsa ya karye tun tana ƙarama ƙwarai. Ya rasu a 1889 tana da shekara 15, ya bar matarsa Augusta da 'ya'ya shida ba tare da abin hannu ba. Dole iyalin suka koma zama tare da 'yan'uwan mahaifiyar, wato innoninta biyu da kawunta ɗaya, dukansu marasa aure. Gida ne na malamai da masu karatu, wanda mata suke riƙe da shi da gumin goshinsu, a zamanin da dokar ƙasar take ɗaukar matar aure a matsayin wadda ke ƙarƙashin waliccin mijinta. Wannan doka ba ta kau ba sai a 1921, shekarar da matan Suwidin suka fara kaɗa ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa.

Ta yi karatun zane a makarantar fasaha ta Stockholm, wadda a yau ake kira Konstfack, daga 1892 zuwa 1895. Ta koyar da zane a makarantar Anna Whitlock, makarantar da take haɗa maza da mata a aji ɗaya tun lokacin da hakan yake baƙon abu, inda kuma Ellen Key take koyarwa. Ellen Key ita ce ta fitar da littafin nan a 1900 wanda ya kira sabon ƙarni da sunan ƙarnin yaro, ya kuma yi kakkausar suka ga duka da haddar da ba fahimta. Cikin wannan da'ira ta masu son gyaran tarbiyya Beskow ta tashi. A 1897 ta auri Natanael Beskow, malamin tauhidin Kirista kuma shugaban makaranta, wanda daga baya, a 1912, ya kafa cibiyar Birkagården tare da Ebba Pauli a wata unguwar ma'aikata ta Stockholm, domin ilimin manya da taimakon talakawa. Sun zauna a Djursholm, suka haifi 'ya'ya maza shida. Autansu ya rasu a hatsari yana yaro ƙarami a 1922. Wani daga cikinsu, Bo Beskow, ya zama fitaccen mai zane, shi ne ya yi zanen bango na ɗakin tunani da ke hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York.

A tsakiyar wannan hidima take fitar da littafi kusan kowace shekara, kuma kuɗin littattafan yana cikin abin da yake ɗauke da gidan. Wato matar da aka zarga da ɗaure mata a madafa ita kanta ma'aikaciya ce mai sana'a da suna da kuɗin shiga, shekaru da dama kafin ƙasarta ta ba ta ƙuri'a. Wannan kaɗai ba ya wanke littattafan, domin marubuci yana iya rayuwa ɗaya ya rubuta wata. Amma yana kawar da zargin jahilci. Mutumin da ya ga karayar arziki da maraici da mutuwar ɗa, idan ya zaɓi ya zana wa yara gida mai aminci, ya zaɓa ne da sani. Abin tambaya shi ne me ya sa a cikin gidan, kuma amsar tana cikin shafuka.

Rigar Pelle

Littafin da ya fi tona asirin masu sukar shi ne *Pelles nya kläder*, wato Sababbin Tufafin Pelle, na 1912. Pelle yaro ne mai ɗan ragonsa. Ragon yana girma ulunsa yana tsawo, Pelle yana girma rigarsa tana gajarta. Sai ya aske ulun ya kai wa kakarsa ta shiɓe masa. Ta yarda, da sharaɗin ya cire mata ciyawa a fadamar karas. Ya kai wa ɗaya kakar ta kaɗa masa zare, ita kuma ta ce ya yi mata kiwon shanu. Ya je wurin mai fenti neman abin da zai rina zaren, aka ganar da shi cewa fentin bango daban, abin rini daban, aka aike shi kanti sayen man tsinka fenti, da canjin da ya rage ya sayi shuɗin rini ya rina zarensa da hannunsa. Mahaifiyarsa ta saƙa masa yadi yayin da yake renon ƙanwarsa. Tela ya ɗinka, shi kuma ya tattara masa busasshiyar ciyawa, ya shigo da itace, ya ba dabbobi abinci. Ranar Lahadi ya sa sababbin tufafinsa ya je ya yi wa ragon godiya.

Babu aljani a labarin nan, babu sarki mai kyauta, babu dukiyar da aka tsinta a rami. Abin da yake ciki darasin tattalin arziki ne wanda ɗaliban jami'a da yawa suke shan wahala kafin su kama shi: cewa kowane kaya tarin aikin mutane ne, cewa lokacin gwani yana da farashi, cewa wanda yake son a yi masa aiki sai ya saki hannun mai yin aikin daga wani aikin. Kaka ba za ta iya kaɗi da kiwo a lokaci ɗaya ba, shi ya sa Pelle ya karɓi kiwon. Ko uwar da ta haife shi ba ta saƙa masa a banza ba, kuma littafin bai nuna hakan a matsayin rashin tausayi ba. Ya nuna shi a matsayin girmamawa, domin an ɗauki yaron a matsayin wanda yake da abin bayarwa.

Ya kamata a lura da shekarar. A 1912 Suwidin tana tsakiyar komawa ƙasar masana'antu. Mutane fiye da miliyan ɗaya sun yi ƙaura zuwa Amurka daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 1930, an yi babban yajin aiki na ƙasa baki ɗaya a 1909, kuma yaron birni ya fara ganin riga a kanti ba tare da sanin daga ina ta fito ba. A daidai wannan lokaci Beskow ta shimfiɗa masa sarƙar aikin gaba ɗaya, daga bayan rago zuwa allurar tela, kuma rabin gwanayen da ke cikin sarƙar mata ne, an zana su suna aikin da sai da ƙwarewa ake yinsa. Masu sharhin da suke da'awar kishin ma'aikaci, waɗanda suka ce ta ɓoye wa yara gaskiyar aiki, da sun duba da kyau da sun ga littafi guda wanda ba shi da wani jigo sai aiki. Ya kamata su rungume shi. Sun tsallake shi ne domin launinsa mai laushi ne, sun ɗauka gaskiya ba ta zuwa sai da baƙin tawada.

Dajin da ake iya gane ganyensa

Zargi na biyu shi ne cewa dajinta na mafarki ne. A nan ma ido ya isa shaida. Littafin da ya fitar da sunanta, *Puttes äventyr i blåbärsskogen* na 1901, labarin yaro ne da ya shiga daji neman 'ya'yan itace domin ya yi wa mahaifiyarsa kyauta, sarkin wannan daji ya mai da shi ɗan mitsitsi har ciyayi suka zame masa bishiyoyi. Dabarar ƙanƙantar da yaron tana da aiki. Ita ce ta ba mai zane damar kawo ganye da saiwa da gansakuka kusa da idon mai karatu, kowane tsiro da siffarsa ta ainihi, yadda yaron da ya rufe littafin ya fita bayan gari zai iya nuna shi ya faɗi sunansa. A ƙasar da al'ada ta ba kowa izinin shiga daji ya tsinki 'ya'yan itace da naman kaza ko da filin na wani ne, sanin wane tsiro ake ci wane ne yake kisa ilimi ne mai amfani. An fassara littafin zuwa Jamusanci tun 1903.

*Tomtebobarnen* na 1910 ya bi wasu 'yan ƙananan mutanen daji, irin na tatsuniyoyin ƙasar, waɗanda suke zaune a ƙarƙashin saiwar bishiya, shekara guda cur daga bazara zuwa bazara. Masu tuna littafin daga nesa suna tuna jajayen huluna masu ɗigon fari. Masu buɗe shi suna ganin uba ya fafata da maciji mai dafi har ya kashe shi, suna ganin yara sun tsokani gidan tururuwa sun sha cizo, suna ganin dodon dutse yana razana su, suna ganin iyali suna tara abinci da gaggawa domin hunturun arewa ba ya yafe wa malalaci. Makarantar da yaran suke zuwa mujiya ce malamarta, darasin kuma na sanin abin da zai cinye ka ne. Tsoro yana nan, an dai auna shi daidai cikin yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, wanda za a karanta wa littafin da dare ya kuma kwanta barci. Auna tsoro haka gwaninta ce. Wanda ya ɗauke ta a matsayin ragwanta bai taɓa zama da yaron da mafarki ya firgita ba.

Iyalin da ba uwa ba uba

Idan da gaske Beskow mai wa'azin gida mai uba a sama da uwa a ƙasa ce, to jerin littattafanta mafi shahara sun ci amanarta. *Tant Grön, Tant Brun och Tant Gredelin* ya fito a 1918, aka ci gaba da jerin har 1947. Mata uku ne marasa aure suke zaune gida ɗaya a wani ƙaramin gari, ana kiran kowacce da launin tufafinta: Gwaggo Koriya mai lambu, Gwaggo Ruwan Ƙasa mai gashin burodi da alewa, Gwaggo Shunayya mai ɗinkin ado. Maƙwabcinsu shi ne Baffa Shuɗi. Wani mai kiɗan yawo ya sace musu kare, wasu marayu biyu, Petter da Lotta, suka taimaka aka same shi. Marayun suna hannun wata mai wankau da take gallaza musu, sai matan uku suka ɗauke su suka riƙe.

An daɗe da gane cewa innoninta da kawunta ne ta mayar cikin labari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne nauyin abin da ta yi. Ta sa wa yaran ƙasa guda, na tsawon shekaru kusan talatin, hoton gida wanda babu miji a cikinsa, babu dangantakar jini tsakanin manya da yara, kuma babu abin da ya rasa na ƙauna ko tsari. Ba ta yi shelar hakan ba, ba ta kuma nemi afuwa a kansa ba. Ta zana shi a matsayin abin da aka saba, yara kuma suka karɓe shi haka. Marubutan shekarun 1970 da suka fito da littattafan da suke bayyana wa yara cewa iyali iri-iri ne, sun zo sun tarar da ita ta riga su da rabin ƙarni, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Inda masu suka suke da gaskiya

Kare Beskow ba ya bukatar ƙarya. A *Tomtebobarnen* uba ne jarumi, uwa ce mai jinya da girki, kuma rabon aikin bai taɓa juyawa ba. A *Hattstugan* na 1930, uwa mai 'ya'ya uku da take zaune cikin wata tsohuwar hula ta fita neman zare, yaran suka yi ɓarna har gidan ya ƙone, matsalar kuma ta warware ne da maƙwabci namiji ya cece su ya auri uwar. A *Olles skidfärd* na 1907, yaron da ya kai ziyara fadar Sarkin Hunturu ya tarar da mutanen Sami, 'yan asalin arewacin ƙasar, suna aikin hannu a fadar kamar wasu halittun tatsuniya, a zamanin da hukumar Suwidin take tauye wa Sami na gaske harshensu da filayen kiwonsu. A *Blomsterfesten i täppan* na 1914, furannin lambu suna biki, ciyayin banza kuma suna hayaniya a bakin shinge ba a ba su wurin zama a ciki ba, kuma ba sai an wahala ba kafin a ga hoton masu gari da talakawa a nan.

Duk wannan gaskiya ne, kuma uba ko uwar da suke karanta wa yaro waɗannan shafuka suna da haƙƙin tsayawa su yi magana a kansu. Abin da bai biyo baya ba shi ne hukuncin da aka ɗora a kai. Cewa marubuciyar da aka haifa a 1874 tana ɗauke da wasu ra'ayoyin zamaninta ba bincike ba ne, kowa ma haka yake. Binciken da yake da amfani shi ne a gano inda ta bi zamaninta da inda ta saɓa masa, a kuma auna. Masu sukar sun lissafa na farko sun yi shiru a kan na biyu. Sun ƙirga sau nawa uwa ta riƙe ludayi, ba su ƙirga sau nawa yaro ya fita shi kaɗai ya yanke shawara ya dawo da sakamako ba, alhali wannan shi ne ginshiƙin kusan kowane labarinta. Putte shi kaɗai ya shiga daji. Olle ɗan shekara shida shi kaɗai ya bi dusar ƙanƙara. Pelle shi ya ƙulla kowace yarjejeniya da bakinsa. Ko littafin furannin nan, wanda ya ba ciyayi baki suka yi ƙorafi a gaban yara, ya nuna shingen ne a fili, kuma yaro mai wayo yana iya tambayar wa ya kafa shi.

Akwai kuma kwatancin da aka mayar sanda, wato Astrid Lindgren. *Pippi Långstrump* ta fito a 1945, yarinya mai ƙarfin ɗaga doki, wadda ba ta da mai ce mata ta kwanta. Aka riƙa cewa Pippi ce 'yanci, Beskow ce kurkuku. Kwatancin bai tsaya da ƙafarsa ba. Shekara 48 ne tsakanin littafin farko na Beskow, wanda ya fito a 1897, da Pippi. Lindgren marubuciya ce wadda wasu suke zana mata hotuna, kuma Ingrid Vang Nyman 'yar Denmark ce ta zana Pippi. Beskow kuwa da hoto take tunani, kuma yaran da take yi wa aiki sun fi ƙanƙanta. Mafi muhimmanci, masu karatun da suka karɓi Pippi sun tashi ne a kan littattafan da suka riga suka koya musu cewa yaro yana iya zama tsakiyar labari, yana iya fita ba da rakiya ba. Wanda ya share gona da wanda ya yi shuka ba abokan gaba ba ne.

Aikin da ba a gani

Babban abin da hukuncin ya tsallake shi ne sana'ar kanta. Masu sharhin da aka horar a kan rubutu suna karanta kalmomin littafin hotuna su ɗauka sun gama, alhali rabin maganar tana cikin zane. Beskow ta koyi darasi daga masu zanen Ingila irin su Walter Crane da Kate Greenaway, da kuma 'yar ƙasarta Ottilia Adelborg, ta kuma ɗauki salon ado na ƙarshen ƙarni na 19 mai kewaye hoto da rassa da furanni. Amma ta mai da adon ya zama mai aiki: abin da yake kewaye da shafi yakan gaya wa yaro wane lokaci ne na shekara tun kafin a karanta masa kalma ɗaya. Tana aiki da fentin ruwa, wanda ba ya karɓar gyara, tana kuma sanin cewa injin buga littafi na zamaninta zai rage wa launi kaifi, don haka take gina hoto a kan layi mai tsabta. A *Hattstugan* ta bar kalmar ƙarshe ta baitocin a buɗe domin yaro ya cika da kansa, ya gano ta daga amon kari da kuma abin da yake gani a hoto. Malaman koyar da karatu na yau suna da dogayen sunaye ga wannan dabara. Ita ta yi ta ne a matsayin wasa.

Tasirinta ya wuce ɗakin kwana ya shiga aji. A 1935 ta fitar da littafin koyon karatu, *Vill du läsa?*, tare da malamin tarbiyya Herman Siegvald, wanda makarantun ƙasar suka yi amfani da shi shekaru masu yawa. Ta kuma zana hotunan waƙoƙin yara na Alice Tegnér. Littafinta na ƙarshe, na 1952, a kan jar bas da koriyar mota yake, abin da yake nuna cewa tsohuwa mai shekara 78 tana kallon titi kamar yadda ta kalli daji. A wannan shekara aka ba ta lambar Nils Holgersson saboda aikin rayuwarta.

Sai dai ba masu suka kaɗai ne suka zalunce ta ba. Masoyanta ma sun yi nasu. Yau ana buga hotunanta a kan kofuna da faranti da tawul, ana sayar da ita a matsayin ƙamshin tsohuwar Suwidin da ba ta da matsala. Mai sayen kofin da mai sukar 1970 sun yi tarayya a kuskure ɗaya, domin dukansu sun ciro furen sun jefar da labarin. Ɗaya ya ce zaƙi ne kawai don haka a watsar, ɗayan ya ce zaƙi ne kawai don haka a saya. Macijin da aka kashe, da marayun da ake bautarwa, da gumin Pelle a fadamar karas, babu wanda ya hau kan kofi.

Abin da ya rage ga mai saya wa yaro littafi

Wannan gardama ba ta Suwidin kaɗai ba ce, domin duk inda iyaye masu ilimi suke zaɓar wa 'ya'yansu littafi, ma'auni biyu ne suka fi yawa a hannunsu. Wasu suna tambaya ko littafin yana koyar da ladabi, wasu suna tambaya ko ya dace da ra'ayin zamani. Duka biyun tambayoyi ne a kan saƙo, kuma littafi yana iya cin jarrabawar kowanne ya kasance matacce, wanda yaro ba zai nemi a sake karanta masa ba. Tambayar da Beskow ta amsa ta fi su wuya: shin wanda ya yi littafin nan ya kalli duniyar da yaron yake ciki da idon basira, ya kuma ɗauki yaron da muhimmancin da zai sa ya zana masa ita daidai?

Likita ko lauya a Kano ko Damagaram da ya cika wa 'yarsa kanta da littattafan da aka shigo da su, masu dusar ƙanƙara da bishiyoyin da ba za ta taɓa gani ba, bai yi laifi ba, kuma littattafan Beskow sun cancanci wuri a wannan kanta. Amma darasinta ba ya cikin dajin arewacin Turai. Yana cikin abin da ta yi da nata dajin, lokacin da ta durƙusa ta koyi siffar kowane ganye domin ɗan ƙasarta ya ga bayan gidansu a cikin littafi, a cikin harshen da uwarsa take yi masa magana. Yaron da bai taɓa ganin kuka ko gawo ko marina an zana su da irin wannan kulawa ba yana koyon wani darasi a ɓoye, cewa abin da ya cancanci shiga littafi yana wata ƙasa. Gyaran wannan yana bukatar masu zane da aka horar, da mawallafa masu biyan su, da iyaye masu yarda su sayi littafin shafi talatin da kuɗin da suke sayen na shafi ɗari uku ba tare da jin an cuce su ba. Suwidin ta sami Elsa Beskow ne domin akwai makarantar da ta koya mata zane, da mujallar yara da ta fara buga aikinta a 1894, da iyayen da suka ci gaba da sayen littattafanta shekara bayan shekara har ta tsufa tana aikin.